Zaman Shiru da 'Yata Ta Koyo a Finland

'Yata ta dawo daga Finland da tsarabar kwalba ɗaya ta jam ɗin 'ya'yan itacen daji, irin wanda ake shafa wa burodi, da baki cike da labarin wani ƙauye. Abokiyar ɗakinta a jami'a 'yar can ce, ita ta gayyace ta hutu gidan kakarta. Ni kuwa shekara da shekaru ina roƙon yarinyar nan ta bi ni ƙauyenmu ta ga Inna, mahaifiyata, tun tana da sauran ƙarfi. Kullum da uzurinta: zafi, sauro, Hausarta ba ta nuna ba.

Tun daga filin jirgi ta fara zuba, har muka iso Parkchester, unguwar da muke zaune a nan ƙasar waje, ba ta gama ba. Wai ƙauyen duk daji ne da tafkuna, gida ɗaya nan, ɗaya can, sai ka yi ta tafiya a mota ba ka ga ɗan Adam ba. Mutanen garin kaf ba za su cika 'yan gine-ginen layinmu ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Matasa sun tafi birni, makarantar yara ma an rufe ta don babu masu shiga. Na ce to ai kufai kika je. Da na ga tabon cizo a ƙafafunta, ta ce sauron can ne, ta faɗa tana dariya. Ashe sauron Turai ba ya hana zumunci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar, kakar abokiyar tata. Ba ta jin Turanci, 'yata ba ta jin yarensu, amma wai sun shaƙu. Su shiga daji su tsinko 'ya'yan itace, su zauna a bakin tafki suna gyarawa, babu mai cewa uffan.

“Umma, a can shiru ba laifi ba ne,” in ji ta.

Na ji kishin matar nan da ban taɓa gani ba, har hotonta da ke wayar 'yata na ƙi kallo da kyau.

Duk Lahadi nakan kira Inna ta bidiyo a wayar ƙanwata. Nakan tsaya a kan yarinyar ina raɗa mata: ki ce ina gajiya, ki tambayi jiki, ki tambayi damina, ba haka ake faɗa ba, sake. Takan yi ta kame-kame, ta miƙo mini wayar ta gudu ɗaki.

Lahadin da ta biyo bayan dawowarta, ita ta karɓi wayar da kanta. Inna na zaune a tabarma tana tsince wake. 'Yata ta gaishe ta sau ɗaya, ta jingina wayar a jikin buta, ta jawo alayyahon da na bari a kwano ta hau gyarawa. Shi ke nan. Inna na tsintar wakenta, 'yata na gyaran alayyahonta, wani lokaci su ɗago su kalli juna. Ana jin kukan awakin gidanmu daga can, jirgin ƙasa na wucewa daga nan.

Na kasa haƙuri, na zungure ta. “Ki yi magana mana, ki tambaye ta jiki.”

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ke, rabu da ita. Hira muke yi.” Can ta ƙara da cewa, “Wa ya koya wa yarinyar nan zama da mutane?”



Da suka gama, 'yata ta ce in duba mana kuɗin jirgi, tana so ta je wajen Inna hutu mai zuwa. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, ya zo ta hannun wata tsohuwa ta bakin tafki. Na shiga kicin, na buɗe kwalbar da na ƙi taɓawa tun zuwanta, na lasa da cokali. Na so ƙwarai a ce jam ɗin ba shi da daɗi.