Allon da Ya Ƙi Hannun Rakiya

Har gobe ina tuna ranar da wata mata ta miƙo hannu ta saman teburina za ta karɓi katin bikin ƙanwarta, na bar katin na tsaya kallon hannun. Baƙin lalle ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Wani reshe ya taso daga wuyan hannu ya rabu biyu, ganyensa sirara kamar da gashi guda aka ja su. Sai da matar ta yi gyaran murya na dawo hayyacina. Alhaji Mamman, mai gidan bugun da nake aiki a Funtua, yana zaune bakin ƙofa, shi ma ya gani. Ya tambaye ta wa ya yi mata, ta ce wata Rakiya ce daga Dayi.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun tarar da allon zane a kan tebur kamar tare aka gina shi da shagon. A lokacin mu uku ne kawai: Alhaji mai gida, Baba Audu mai kula da injin bugu, sai ni mai kwamfuta. Idan an kawo aikin kati, ni nake buga rubutu, in ɗauko ado daga intanet in zagaye shi da shi, a fitar a farantin ƙarfe, Baba Audu ya ɗaura wa inji. Matsalar ita ce duk masu bugu a garin wuri ɗaya muke ɗibar ado. Katin amaryar Funtua da na amaryar Malumfashi fure ɗaya ne da zobba biyu. Alhaji ya ce idan wannan reshen zai hau kati, da an yi kaka manoma sun sayar da masara an shiga bukukuwa, babu mai kama ƙafarmu.

Aka aika, Rakiya ta zo. Bazawara ce, doguwa, mai magana a hankali kamar tana tsoron ta tashi wani daga barci. A wurin yayanta take zaune a Dayi, kuma lalle sana'ar lokaci ce, da bukukuwa sun wuce sai zaman jira. Yayan ya yarda ta sauka gidan gwaggonsu a Funtua bisa sharaɗi ɗaya: in aiki ne na gaske ta zauna, in ba haka ba ta koma gida. Alhaji ma ya kafa nasa. Akwai babban biki a Dandume, Hajiya Indo ce ke aurar da 'yar ƙanenta, ta ba mu aikin kati da kalanda. Idan zanen Rakiya ya fito a wannan aikin ta zama ma'aikaciya. Idan bai fito ba, kowa ya yi haƙuri.

Ni aka ɗora wa zaɓen na'urar da za ta yi zanen, tunda ni ne mai kwamfuta. Ban taɓa riƙe irinta ba. Abin da na sani a duniya, ban da buga rubutu, littattafan soyayya ne da nake saye a kasuwa in ɓoye a aljihun tebur. Na shiga kallon bidiyo a waya, kaina ya ƙara kullewa. Ashe allon iri-iri ne. Akwai mai fuskar gilashi, kana zane kana ganin zanen ƙarƙashin alƙalami. Akwai baƙi wuluk marar fuska, hannunka yana kansa idonka yana kan kwamfuta. Akwai babba kamar tire, akwai ƙarami kamar littafi. Wani mai bidiyo ya rantse da wannan, na gaba ya ce wanda ya saye shi ya yi asara.

Zuciyata tana kan mai gilashin, kuma ba don aiki ba. Na riga na hango Rakiya ta sunkuya, hasken yana dukan fuskarta, ni ina gefe ina nuna mata abu, ta ɗago ta ce ashe haka na iya. Na shiga mota zuwa Kano da wannan hoton a kaina. Ɗan kasuwar da aka haɗa ni da shi ya saurare ni, ya tambaye ni yaya wuta take a wurinmu. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce to mai gilashi yana son wutarsa, ga tsada, ga shi in ya faɗi an gama. Marar fuskar kuwa igiya ɗaya ce, daga kwamfuta yake shan wuta, kuma da shi masu koyo ke farawa. Na ce babba ko ƙarami? Ya ce mai zanen da kafaɗa take zane ko da yatsu? Na tuna duk faɗin gonarta tafin hannu ne, na ce ƙarami. Ya naɗe mini, ya bi ni har bakin ƙofa da gargaɗi: duk mai koyo, kada ya kalli hannunsa, kwamfuta zai kalla.

A hanyar dawowa ina rungume da kwalin, rabin raina yana cewa na yi daidai, rabi yana cewa na bar na kirki a Kano.

Washegari na haɗa komai. Na ja layi, layi ya fito. Alhaji ya karɓa ya rubuta sunansa a karkace, ya yi dariya. Baba Audu ya goge hannu a riga ya zana abin da ya ce zakara ne. Sai aka ba Rakiya kujera. Na maimaita mata gargaɗin ɗan kasuwa, muka jeru a bayanta muka zuba wa kwamfuta ido.

Ɗan kibiyar nan mai nuna inda alƙalami yake a fuskar kwamfuta ya fara yawo. Ya tashi, ya lanƙwasa, ya dawo ya yi zagaye, kana gani ka san fure ake yi. Amma farar takardar tana nan fara. Ko ɗigo babu. Can sai wani akwatin rubutu ya faɗo tsakiyar fuskar kwamfuta, na rufe shi, ya sake faɗowa.

Na karɓi alƙalamin, ya rubuta. Na mayar mata, ya ƙi. Baba Audu ya ce shi dai a iya zamansa ya ga injin da ke ƙin takarda, bai taɓa ganin mai ƙin mutum ba. Ya ce ko lallen da ya rina mata yatsu ne ke tare wutar. Na san maganar ba ta da kai, amma da na rasa wata sai na sa aka kawo sabulu. Ta wanke, babu canji. Na kira ɗan kasuwa, ya ce in cire manhajar allon daga kwamfuta in sake sawa. Na yi. Ya ce in canja tsinin alƙalami. Na canja. Daga ƙarshe ya ce in aiko da shi tashar mota ya musanya. Sabon ya iso, ya yi wa kowa rubutu, ya ƙi Rakiya.

Lokaci yana tafiya. Alhaji ya daina zuwa bayan kujera, yana daga bakin ƙofa yana tambaya ko an dace. Rakiya takan zo da safe ta zauna ta yi ta zana abin da ba ya fitowa, ba ta ƙorafi. Sau ɗaya kawai ta juyo.

"Malam Nasiru, in ni ce ba ya so, ka faɗa wa Alhaji. Ba sai ka wahala ba."

A littattafaina a nan ne saurayi ke faɗin maganar da za a riƙa tunawa. Ni kuwa sai na ce mata bari in sake duba igiya.

Ana saura kwana kaɗan biki Hajiya Indo ta zo da kanta ganin samfuri. Babu samfuri. Alhaji ya fara kame-kame, ita kuwa ta ture shi da magana, ta ja benci ta zauna daf da Rakiya, kafaɗa da kafaɗa, ta ce ta yi ta gani. Mu muka kalli kwamfuta kamar kullum. Hajiya ba ta san da wani gargaɗi ba, hannun ta kalla.

"Ke 'yar nan, ai ba ki taɓa abin ba."

"Hajiya, wa ke taɓawa? Sai in soki mutum."

Sai a ranar na sunkuya na dubi hannun Rakiya yana aiki. Duk zaman nan ban taɓa yi ba. Ɗan kasuwa ya ce kwamfuta za a kalla, kuma ko bai ce ba, mu maza uku, wa zai tsaya ya ƙura wa hannun 'yar mutane ido? Ni da na fi kowa son kallo na fi kowa kawar da kai. Tsinin alƙalamin yana shawagi saman allon, tsakaninsu kamar kaurin ƙwayar gero. Haka ake lalle: ledar da ake ɗura shi a ciki ba ta taɓa fata, matsa ta ake yi, zaren lallen ya sauko ya kwanta da kansa. Allon yana jin alƙalami na kusa, shi ya sa kibiya ke yawo, amma ba ya rubutu sai an danna. Ita kuma da ta ga ba ya zuba sai ta ƙara matsawa, yatsanta ya danne maɓallin da ke jikin alƙalamin, akwatin nan ya faɗo.

Na ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Ta gane, hannun ne bai gane ba. Ta danna ta ja rabin ganye, da hankalinta ya tafi kan zanen sai hannun ya ɗaga da kansa, layi ya yanke. Abin da ya fito kamar tafiyar tururuwa. Hajiya ta duba agogo, ta ce ita dai ta ga hannun amare da yawa daga Dayi, ta san abin da ta zo nema. Ta ce a ba yarinya ledarta.

Baba Audu ya yanko farin kwali mai sheƙi. Rakiya ta kwaɓa lalle a murfin kwano, ta ɗura a leda, ta zana reshenta a kan kwalin cikin ɗan lokaci, muna tsaye. Muka bari ya bushe, na ɗora a sikana na ɗauki hotonsa zuwa kwamfuta, na goge ƙurar gefe, na zagaye rubutun da shi. Katin Dandume ke nan. Da kayan suka fito daga inji Alhaji ya juya ɗaya gaba da baya, ya ce Rakiya ta samu aiki, a aika wa yayanta. Sannan ya nuna allon da haɓa.

"To Nasiru, wannan kuma me muka saya?"

Har yau ban tabbata ko mai gilashin zai fi ba, ko da yake ina jin shi ma da ta yi masa shawagin. Abin da na ɗauka dai, kuma shi nake faɗa wa duk wanda aka aika sayen kayan aiki don wani: kafin ka tambayi mai sayarwa, ka zauna ka ga yadda mai aikin ke riƙe abin da ya saba da shi. In kunya ta hana ka, ka nemo wanda ba za ta hana ba.

Rakiya ba ta bar allon ba. Duk sanda aiki ya lafa takan jawo shi, ta yi ta jan layi tana cije leɓe, har damina ta zagayo hannun ya saba da sauka kan allon. Ta yi shekaru tare da mu kafin wani malamin gona ya aure ta suka koma Malumfashi. Ni na buga katin bikin, ita ta zana adon, na duba rubutun sau da yawa fiye da yadda aiki ke buƙata. Yanzu daga ɗakinta take aiko wa masu bugu da masu ɗinki zane ta waya.

Bara na haɗu da ita a asibitin Malumfashi, ta kawo ɗanta. Na tambaye ta ko amare suna barinta ta huta. Ta ce ai ta daɗe da daina lalle. Amaryar ƙarshe da ta yi wa, tana cikin zane yarinyar ta janye hannu ta ce ana soka mata leda. Ta gwada ɗagawa, hannun ya ƙi. Ranar bikin 'yar yayanta ma, daga Dandume aka ɗauko mai lalle, ita ta zauna ta miƙa nata hannun aka yi mata.