Kawu Kankare da Bawon Albasa

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na wanki da guga da maƙerar Kawu Kankare. Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da safe sai na leƙa da ɗan shebur na ɗebi garwashin dutsen guga a murhunsa, shi kuma kullum sai ya ce gobe in sayi ashana. Har yau ban saya ba.

Sunan ya samo shi tun kafin in zo layin. An ce ƙyauren ƙarfe ya taɓa faɗo masa a ƙafa, bai duba ba sai da ya gama ɗaura ƙyauren, da ya cire takalmi aka tarar yatsu biyu sun karye. Wannan ban gani ba. Abin da na gani shi ne yana tsince garwashi da hannu ya mayar murhu kamar mai tsintar tsakuwa. Ba ya sa safar hannu, ba ya shan maganin ciwon kai, ba ya zama sai in zai ci abinci. Na taɓa ce masa in sauro ya cije shi, sauron ne ke kwana a asibiti. Ya ce in matsa, ina tare masa haske.

Aikin da ke riƙe da gidansa shi ne gyaran kurfi, ƙarfen nan da magina ke fasa bango da dutse da shi. Duk mako ogan magina zai kawo waɗanda suka dakushe a buhu. Kawu zai gasa kowanne, ya doke bakin ya yi kaifi, ya tsoma bakin kaɗai a ruwa, ya fitar, ya goge shi da dutse da sauri har ya yi fari, sannan ya tsaya yana kallo. Zafin da ya rage a jikin ƙarfen sai ya riƙa gangarowa baki, launi na biye da shi. Da launin da yake jira ya iso, sai ya jefa ƙarfen duka cikin bokiti. Wata rana da ya tashi da fara'a ya yi min bayani: in ka yi gaggawa ƙarfen zai yi tauri fiye da kima ya fashe kamar kwalba, in ka makara zai yi laushi ya lanƙwashe. Wanda ake so shi ne mai shan guduma yini guda yana nan yadda yake. Na tambaye shi shi wanne ne a cikin ukun. Ya ce in ɗauki wutata in tafi.

Bara idonsa ya fara yi masa gardama. Ni na fara ganewa, ranar da ya gaishe da wata riga da na rataya a ƙofa har yana tambayarta iyali. Babbar 'yarsa, mai aiki a kantin magani, ta ja shi asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce, aikin minti kaɗan. Kawu ya ce zai yi shawara. Tun daga ranar ko allurar ɗinki ya gani sai ya kau da kai.

Sai kurfi ya fara fashewa a wajen aiki. Na farko aka ce tsautsayi. Na huɗu ɓarinsa ya yanki wani magini a ƙasan ido. Ogan ya zo da kansa, ya zazzage gutsattsarin a gaban Kawu, bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara ashirin bai taɓa kai ƙarfensa wani wuri ba, amma ba zai tsiyaye idon ma'aikacinsa saboda kunya ba. Ga buhu nan, shi ne na ƙarshe. In ɗaya ya sake fashewa, kanti zai koma ya sayi na kamfani. Kawu ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kirki. Ogan bai musa ba, ya hau babur ya tafi.

Washegari na zo ɗiban wuta na ƙi tafiya. Matarsa, Gwaggo Tela, ta kawo shayi ta tsaya a bakin ƙofa, don dokar Kawu ce mai zane ba ta shiga inda tartsatsi ke tashi. Kekenta na ɗinki yana jikin tagar da ke kallon maƙerar, shekara talatin tana can tana taka shi. Kawu ya goge bakin kurfin farko, ya kawo shi dab da hanci, ya juya zai jefa a ruwa.

"Bai kai ba," in ji ta.

Ya tsaya da awartaki a sama. "Me bai kai ba?"

"Launin. Yanzu kalar shayi yake. Kai da sai ya yi bawon albasa kake jefawa."

Ya ce tun yaushe tela ta zama maƙeriya. Ta ce ita ba ta san ƙarfe ba, zare ta sani, kuma wata shida ke nan tana ganin yana jefawa da wuri tana shiru, don ta san wanda take aure. Suna wannan, launin ya wuce ya koma shuɗi. Sai da ya mayar da ƙarfen wuta daga farko. Na ce Gwaggo ta shigo mana a ba ta guduma. Su biyun suka juyo suka kalle ni, na ga gara in kula da garwashina.

Karo na biyu bai ce mata ta tsaya ba, bai kuma ce ta tafi ba. Ya dai ɗan karkata awartakin wajen ƙofa, wai haske yake nema. Ta ajiye kofin, ta matso taku biyu cikin maƙerar.

"Albasa," ta ce.

Ya jefa. Haka suka yi har buhu ya ƙare, shayi ya huce a wurin, wata mai jiran a kafa mata hannun riga ta gaji ta tafi.

Bayan mako guda ogan ya dawo. Ya zazzage buhun, duk sun dakushe, babu wanda ya fashe. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya ce da alama ƙarfen zamani ya shiryu. Kawu ya ce dama kamfani ne ke wasa da mutane.

Yanzu akwai wata 'yar kujera ta ƙarfe a cikin maƙerar, gefen da tartsatsi ba ya kaiwa. Kawu ya ƙera ta da kansa, ya ce ta baƙi ce. Ban taɓa ganin baƙo a kai ba. Maganar asibiti kuwa ana nan ana shawara, 'yar tana zuwa duk sati ta tafi da fushinta.

Shekaranjiya na maƙe murya kamar ta Gwaggo ta bayan bango na ce albasa, in ga abin da zai yi. Ko motsi awartakin bai yi ba. Ya ce da ni kunnensa lafiyarsa lau, kuma gobe in sayi ashana.