Fim Ɗin da Ba Shi da Kashi na Biyu

Ana idar da sallar asuba muka bar Maitumbi, ni da 'yata da jaririnta, gari duk a jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. Mai keke napep ɗin da ya kai mu tasha hamma kawai yake zubawa. Abuja muka nufa, kuma kallon fim za mu je. Na san akwai masu cewa mace mai jikoki ta rasa abin yi. Su yi ta faɗa.

Ga abin da ya tashe mu. 'Yata ɗaukar bidiyo take yi a bukukuwa, ɓangaren mata, wajen kamu da walima, inda masu gida ba sa son namiji ya shigo musu da kyamara. Tana da hannu, har daga Bida ake kiranta. Tun da ta haihu aikin ya rikice: ana tsakiyar ɗauka yaro zai tsala kuka, kukan ya shiga bidiyon amarya. Ta roƙe ni in riƙa riƙe mata shi, na ce a'a. Sai da na aurar da 'ya'yana kaf na fara riƙe biro, yanzu ina makarantar yamma ta manya, jarrabawa na gabana, ba zan ajiye aji don ɗan kowa ba. Ta ce to sayar da kyamarar za ta yi. Har ta sami mai saye a Tudun Fulani, yana jiran amsa ran Litinin.

Ana cikin haka ta ji cewa wani zaure a Abuja zai nuna tsohon fim ɗin Koriya, na mace ta farko da ta taɓa ba da umarnin fim a ƙasar, kuma wai da goyo a bayanta ta yi shi. Ta ce tana so ta gani kafin ta rabu da sana'ar. Ni Koriyar da na sani ita ce ta waya, samari masu fuska sumul kamar an goge da dutsen guga. Ban san suna da tsofaffin finafinai ba, balle mai goyo. Na ce a je da ni.

Daga Chanchaga zuwa Paiko ba mu yi magana ba, ramukan hanya sun ishe mu. Direba ya kauce wa wannan ya faɗa wancan, ga tireloli da tankoki sun yi layi. Amma ƙasa ta yi kore shar, kunyoyin doya har inda ido ya tsaya. Na ga matan Gwari ɗauke da itace a kafaɗa, abin da nake gani tun ina yarinya ban taɓa tambaya ba. Wadda ke kusa da ni Bagwariya ce, za ta Suleja, sai na tambaye ta.

Ta ce, "Kai na tunani ne, Mama, ba na itace ba."

Na ce, "To mu da muka yi shekaru muna ɗora tulu a kai fa?"

Ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri."

A Lambata aka tsaya. Na sayi soyayyiyar doya da yaji, yanka uku a kuɗin da bara ake cika maka leda. Na yi wa mai doyar faɗa, ta ce in je in yi wa man gyaɗa. Jikana, wanda nake kira maigida, ya bi doyar da ido. Na ce masa maigidan da bai kawo cefane ba ba ya cin doya. Da muka wuce Dutsen Zuma kowa na nuna min fuskar mutum da ake cewa tana jiki. Na ƙura ido, ni dai dutse na gani.

Zauren sanyi kamar cikin firij. Kafin a fara aka raba abinci a 'yan kwanoni, har da wani kabeji mai tsami da barkono, da sanduna biyu na ci. Na juya sandunan na ga ba za mu shirya ba, na sa hannu. Kabejin da farko na ɗauka ya lalace ne. Kafin in ankara na cinye na 'yata.

Wata 'yar Koriya mai furfura ta tashi ta yi bayani da Turanci, 'yata na fassara min a kunne. Ta ce bayan yaƙin ƙasarsu aka yi fim ɗin, lokacin da gari ya cika da matan da mazansu suka mutu. Matar da ta yi shi tun tana budurwa take son fim, ta fara da aikin yanka da haɗa hotunan wasu, sai da ta haihu ta sami damar yin nata. Da safe ta dafa wa ma'aikata abinci, sannan ta goya 'yarta ta tsaya bayan kyamara. Da ta je wurin sa murya, aka yi ta ja mata rai, wai fara shekara da aikin mace rashin sa'a ne. Na ce ashe irin wannan shirmen ba mu kaɗai aka raba wa ba. Nan maigida ya ɓare baki, uwarsa ta fita da shi, aka bar ni da Turancin da nake tsintar ɗaya in zubar da biyar.

Fim ɗin baƙi da fari ne. Labarin wata ce da mijinta ya mutu a yaƙi, ga 'yar ƙaramar yarinya, ga talauci, ga kuma zuciya tana son wani. Rubutun ƙasa gudu yake, kafin in haɗa kalma uku ya wuce, sai na bar shi na koma kallon mutane. Suna cire takalmi a ƙofa, suna zama a ƙasa su ci abinci, kamar dai gidanmu. Abin da ya fi ba ni mamaki, fim ɗin bai mai da matar waliyyiya ba, bai kuma tsine mata ba. Da a wajenmu ne, da tuni an kawo malami ya yi mata wa'azi.

Can wajen ƙarshe murya ta ɗauke. Baki na motsi, ba a jin komai. Na waiga wajen mai kula da na'ura na ce, "Malam, wayarka ta fita." Ya girgiza kai. Na ƙara ɗaga murya, "A gyara mana, daga Minna muka zo." Na gabana suka juyo suna ɗora yatsa a baki. Ba a jima ba hoton ma ya yanke, ana tsakiyar rikici, aka kunna fitila.

Ni na saba da finafinanmu, in aka yanke a nan to akwai ci gaba. Aka ce mai tambaya ya yi, na ɗaga hannu. 'Yata ta dawo a lokacin, na ce ta fassara: yaushe za a sa kashi na biyu?

Ta ce, "Mama, don Allah."

Na ce, "Fassara."

Zaure ya yi dariya. Mai furfurar ba ta yi ba. Ta ce ta faɗa tun farko, wataƙila ban ji ba: ƙarshen fim ɗin ya ɓace, muryar wancan ɓangaren ma haka, abin da ya rage ke nan. Na ce to a sa mana wani nata. Ta ce babu wani. 'Yan kwanaki aka nuna wannan a sinima aka sauke, matar ba ta sake yin fim ba har ta bar duniya. Na ce a tambaye ta, duk ƙasar ba wanda ya karɓar mata yarinyar? Ta ce wannan kam ba ta sani ba.

A Suleja muka kwana wajen ƙanwata, da safe muka kamo hanya. Mun wuce Lambata 'yata ta ce, "Kin gani, Mama. Ita da goyo ta yi. Ni ce raguwa."

Na ce, "Sau nawa ta yi?"

Ta ce, "Sau ɗaya."

Na ce, "Ke ma fim ɗin nan ya wuce ki, kina waje da yaro. Na lura."

Da muka shiga Minna ban wuce gidana ba, na bi ta nata. Mijinta na tsakar gida yana wanke babur. Tun da aka yi auren nan gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, ya durƙusa, in kau da kai, kamar yadda aka saba. Ranar na ja kujera na zauna a gabansa. Na ce kyamara ba za a sayar ba. Asabar da Lahadi yaro nawa ne. Ranakun makarantata kuwa, in aiki ya faɗo da yamma, lokacin shi ya tashi daga ofis, sai ya riƙe yaron, ɗansa ne.

Ya ce, "Mama, ni da goyo?"

Na ce, "Ban ce ka goya ba. Hannu biyu gare ka."

Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya ce zai gwada. A gabana ta kira mutumin Tudun Fulani ta ba shi haƙuri.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, duk inda na ji ana yabon mace wai jaruma ce ta yi aiki da goyo, zan tambaya ina sauran mutanen gidan suke. Har yau ina tunanin yadda labarin matar nan ta cikin fim ɗin ya ƙare, kuma ba wanda zai gaya min. Laraba mai zuwa 'yata na da kamu a Bosso, ƙarfen da nake aji. Wayata a kashe za ta kasance.