Ranar da na hana Inna shiga motar Gummi

Shekarun baya can, ina jigilar hatsi daga Nasarawa Burkullu zuwa kasuwannin Anka da Gummi da wata tsohuwar akori-kura da na gada wajen mahaifina. Ga hayaƙi, ga shan mai, amma tana kai ni tana dawo da ni. Ni ne dai rawar kai ta hana ni zama lafiya.

Ina da aboki bakanike a Anka, bai daɗe da dawowa daga Kaduna ba, kansa cike da sabon ilimi. Shi ya ce ya samu kayan injekta na wata mota 'yar Kwatano da ta yi hatsari, in kawo motata ya dasa mata. A lokacin kowa injekta yake kwancewa ya mayar da kafireta, wato tsohuwar na'urar ba inji mai, ni kaɗai na ɗauki hanyar da babu kowa. Na tambaye shi yadda abin yake aiki. Ya ce famfo ne ke turo mai da ƙarfi, wasu 'yan bakuna su fesa shi cikin inji, wani ɗan akwati kuma da ake kira ƙwaƙwalwa shi ke auna komai. Na yi ta gyaɗa kai. Wallahi ban gane ko ɗaya ba.

Ranar da na je karɓa ya jero mini abubuwan da ba a yi mata. Ni kuwa kunnena na kan ƙarar inji, yadda take tafiya lau babu tari. Na shigo gari ina danna ham ko babu kowa a hanya.

Ba a yi wata ba, wata safiya saƙo ya iso ta bakin wani ɗan kasuwa: Kawu, yayan mahaifiyata da ke Gummi, jiki ya yi tsanani, sunanta kawai yake kira. Inna ta ɗaure 'yan kayanta ta shiga gaban mota ta zauna. Na murɗa makulli, batir ya yi sanyi.

Wannan ba abin tashin hankali ba ne a wurinmu. Maƙwabcina direba ne, ya ɗauko batirinsa muka ɗaura, mota ta tashi. Sai ya kwance batirin nasa alhali inji na aiki don ya mayar da nawa, yadda direbobinmu ke yi tun kafin a haife ni. Yana zare waya, motar ta yi tsit.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Mi ya hwaru?"

Na ce, "Ni za ka tambaya?"

"Ni dai abin da munka saba na yi."

Muka mayar da batirinsa. Sitata na juyawa, inji ko tari. Ana cikin haka motar haya ta Gummi ta zo wucewa, kuma ita kaɗai ce ke tashi ran nan. Direban ya tsaya ya leƙo: "Inna, taho mu tahi, akwai wuri gaba."

Inna ta kama ƙofa za ta buɗe. Na ce, "Haba Inna, ga mota a gida? Ki zauna, yanzu za ta tashi. Mu za mu riga su."

Ta saki ƙofar ta gyara zama.

To daga nan fa aka shiga ruɗani. Magidanta shida suka tura mu har gangaren bakin kasuwa, suka sake turo mu. Wani ya ce fulogi ne. Wani ya tsotsi tiyo da baki, ya tofar, ya ce mai na zuwa. Sai wani dattijon direba da duk garin ke ji da shi ya iso da mai a kwalba, ya ce a buɗe bonet ya ɗiga mata a kafireta. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya cire hula ya sake leƙawa.

"Yaro, ina kafiretar?"

"An cire, Baba."

"An cire? To wa ka ba ta mai?"

"Ƙwaƙwalwa."

Ya daɗe yana kallona. Ya toshe kwalbarsa ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya tafi. Na tsaya gaban tarin wayoyi ina zufa, ban san ma wacce zan taɓa ba, ga Inna a ciki tana jan carbi.

Sai da aka kira azahar na haƙura na aro babur. Inna da ciwon gwiwarta ta hau baya, muka bi hanyar nan mai ramuka. Mun shiga Gummi bayan la'asar, muka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Aka ce dab da azahar Kawu ya cika. Motar haya kuwa tun da hantsi ta iso.

Da aka jawo motar zuwa Anka, abokina ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, ba a cire wa injekta batir inji na aiki. Ya rantse ya gaya mini. Ƙila ya gaya mini ɗin. Har yau ban gane yadda zare waya ɗaya ke ƙona akwatin da ke can ƙarƙashin kujera ba. Na ce ya mayar mini da kafiretata.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Bayan sadakar arba'in na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce kwanan Kawu ne ya ƙare, kada in ɗora wa kaina. Sai ta ƙara da cewa, "Ni dai na ji ka ce za ta tashi. Na ɗauka ka sani."

Ban sani ba. Da na faɗi haka da safen nan, da ta tarar da yayanta da rai.