Jar Motar da Aka Sace wa Ƙafa

A gidanmu na Minanata, tsakanin Magariba da Isha'i lokacin Kaka Ige ne. Takan zauna gaban murhu tana suyar gyaɗar da take sayarwa, mu jikoki mu kewaye ta muna jin ɗumi. Daga tsakar gidan ana jin babban titi, inda manyan motoci ke wucewa da siminti daga Kalambaina. Kafin a shiga tatsuniya sai an yi wasan kunne.

Da mota ta taso sai ta ɗaga ludayi. "Ku yi kurum. Wagga fa?"

"Tirela!" mu haɗa baki.

"Ko akuya ta san tirela ta. Ni inji nika tambaya." Sai ta karkata kai. "Silinda shida, baƙin mai. Ta ɗauko kaya, direba na jan giya ta uku, kuma kulocinta na gab da mutuwa. Allah shi kai shi gida."

Kaka ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Wurin mijinta ta koya, kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni aka sa mini sunansa. Shi ya sa ba ta faɗin sunana. Mai-sunan-Malam take ce mini, in kuma tana son tsokana ta ce, "Angona da ba ya magana, sai littafi." Gaskiyarta. Ko a aji na fi son in rubuta amsa in miƙa da in buɗe baki.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da duk ranar da aka yi ta sai gyaɗa ta ƙone. Takan buɗe ta da, "Ga wata nan tafe bisa taya shida." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Wai an yi wata jar motar kashe gobara ta wani kamfanin fatu. Injinta na fetur, ƙafarta ta doki. Kowace Juma'a da safe direbanta yakan fita da ita gwaji, ya bi ta bayan gidansa, matarsa ta ji wucewarta ta ɗora ruwan shayi. Wata rana aka yi wa direban rasuwa a ƙauye, ya tafi kwana bakwai. To, babban bakaniken kamfanin yana da motarsa ta kansa mai ɗaukar shanu zuwa Kano, kuma gudu yake so ta yi. Sai ya kwance aksul ɗin jar mota, wato ƙarfen bayan da ke juya tayu, ya ɗaura wa tasa. Ita kuma ya sa mata na wata matacciyar tifa ta ɗaukar dutse, wanda aka ƙera don jan nauyi a hankali. Ɗan allon ƙarfen da ke ɗauke da lamba kuwa, ya ɓamɓaro shi daga na asali ya buga a jikin na tifa.

"Doki na, anka sa mai ƙafar jaki," in ji Kaka, tana juya yashin suya da ƙarfi.

Washegarin dawowar direba wuta ta kama siton kamfanin a can ƙetaren gari. Ya tashi mota, ya sa giyar ƙarshe, ya taka totur har ƙasa. Inji yana kururuwa, mota tana rarrafe, masu keke suna bin ta suna ihu. Matarsa tana tsakar gida ta ji ta, ta saki taɓarya ta ce, "Wagga ba muryarta ba ta." Ko da ya isa, sito ya zama toka.

Manyan kamfani suka zauna bincike. Direba ya rantse an taɓa motar. Bakanike ya kai su wurin motar, ya goge allon da hannun riga, ya ce su karanta. Suka karanta, lamba ta yi daidai da takarda, aka sallami direba. Matarsa ta yafa mayafi ta je ofis ta ce ita ma ta ji, sai wani ya tambaye ta ko a kasko ta yi karatun inji.

"Jak guda, ɗiyana! Jak guda da alli! Ba su ɗaga ta ba." A nan gyaɗa ke ƙonewa. Sai ta sauke kasko ta ce, "Ƙurunƙus, an kashe inji. Ku tashi ku yi alwala."

Ina aji shida na gane ba tatsuniya ba ce. A bayan katangarmu akwai majalisar dattawa, kuma akwai Baba Jabbi, tsohon maƙwabcinmu, da ba ya bari in wuce lafiya. "Jikan Kunkuru, ina zuwa? Kada dai a aike ka gobara!" Su kwashe da dariya, in sunkuyar da kai. Na tambayi Kaka wane ne Kunkuru. Ta dubi wuta ta ce, "Ai kullum ina ba ka labarinshi." Ashe kakana ne direban jar mota. Bayan an kore shi babu wanda ya sake ba shi mota a garin nan. Gyaran risho ya koma, da wannan sunan kuma ya mutu, ni na gaje shi tare da na yanka.

Yanzu ina karatun kanikanci a kwaleji. Bara aka ba mu aikin gano inji da giyabos na wata tsohuwar babbar mota, kowa ya nemo tasa. Ina yawon nema na leƙa wani filin 'yan gwangwan a bayan Sama Road. Jar motar tana can a ƙurya, jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, amma sunan kamfanin fatun yana karantuwa a jikin ƙofa. Mai filin, Malam Ladan, ya ce washegari za a sa mata wuta a yanka.

Sau uku na yi niyyar magana ina fasawa. A na huɗu na ce, "Baba, don Allah a ara mini jak."

"Jak? Ka tada matacce?"

"Ƙirga nake son yi."

"To, ɗan boko, ga shi nan. In ta danne ka, kai ma a kilo za mu auna ka."

Na fara da inji: silinda shida, na fetur, lambarsa daidai da ta jikin mota. Giyabos ma nata ne. Na kwanta a ƙasa na kankare allon aksul, ya nuna juyi biyar da ɗan ɗoriya, irin na motar gudu. Amma ƙusoshin da suka riƙe shi ba irin na sauran alluna ba ne, kuma a karkace aka buga su. Na ɗaga tayar gefe ɗaya, na fitar da giya, na yi alama da alli a jikin taya da jikin farfela, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya. Ƙa'idar ita ce a juya tayar sau biyu a ƙirga juyin farfela. Malam Ladan da kansa ya tuɓe hula ya kama juyawa, ni ina ƙirge. Bakwai da rabi. Na sa aka maimaita har sau uku, ban samu wani abu ba sai bakwai da rabi, ba biyar ɗin da allo ya nuna ba.

"Wanga ai na tifa na," in ji Malam Ladan. "Wa ya yi mata wanga zalunci?"

Aikin bai kai rabin awa ba. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Mutane masu ilimi sun zauna a kan kujeru, an kawo musu shaidu biyu masu kunne, suka zaɓi ɗan ƙarfen da kowane mai guduma zai iya ɗaukewa, don dai kada rigarsu ta taɓa ƙasa. Bakaniken ya daɗe da rasuwa, an yi masa jana'iza da mutuncinsa. Kamfanin ya rufe. Babu wanda zan kai wa takardata in ce ya gyara.

Na isa gida bayan Magariba. Kaka tana gaban murhu, ta daina suya, kunnen nan da ke rarrabe silinda yanzu sai an ɗaga murya. Ta bayan katanga ina jin muryar Baba Jabbi a majalisa. Na durƙusa na nuna mata littafina.

"Kaka, na gan ta. Aksul ɗin tifa ne. Bakwai da rabi."

"Mi kac ce?"

"Bakwai da rabi!"

"Ango, ka san kunne ya tafi. Ɗaga murya awa namiji."

Ban taɓa yin ihu a gaban mutane ba. Na miƙe tsaye na ce, "An sace wa jar mota aksul! Na ƙirga da hannuna! Kakana bai yi ƙarya ba!"

Bayan katanga ya yi tsit. Kaka ta tura itace cikin wuta, na ga gefen bakinta yana motsi.

"Tun ta farko na jiya," ta ce a hankali. "Jabbi na bai ji ba."

Da can na ɗauka tana ba mu tatsuniyar ne don mu koyi sauraro. Yanzu ina ganin nema take yi a cikinmu, shekara da shekaru, ko za a sami wanda zai yarda ya kwanta a ƙasa ya ƙirga, sannan ya tashi ya faɗa. Da safe na bi ta gaban majalisa zan tafi kwaleji. Baba Jabbi ya daɗe yana gyara zaman hularsa, sannan ya kira ni da sunana na yanka, wanda shi ne sunan kakana, ya ce, "An tashi lafiya?"