Kajin Mama Laraba

Akwai ranar da har gobe ba ta fita a raina, ranar da wata dattijuwa ta dire mini roba cike da matattun kaji a ƙofar ofis.

Lokacin ina duba-gari, ni ke jagorantar masu zuba maganin ɓera. Da damina ta sauka, kwatoci suka cika, gafiyoyi suka baro wajen kasuwar Singa suka watsu cikin gidajen Fagge da Sabon Gari. Wata gafiyar in ta kalle ka, kai ne za ka kauce. Tsarin aikinmu shi ne a gauraya maganin da dussa, a zuba a bakin ramuka da gefen kwatoci. Amma kafin nan dole a sanar da jama'a su killace dabbobi su kula da yara. Yadda muka gaji sanarwar kuwa, a gaya wa mai unguwa, shi kuma ya gaya wa limamai su faɗa bayan sallar Juma'a. Haka aka yi, muka zuba magani da hantsin Asabar, ina ta jin kaina wai na iya aiki.

Kafin la'asar sai ga matar nan. Sunanta Mama Laraba, tsohuwar malamar firamare ce daga wajen Zariya, ta daɗe a Sabon Gari. Kajin nan tun suna 'yan tsaki take kiwonsu don bikin 'yarta, ga shi saura mako guda. Na shirya shan zagi, sai ta gaishe ni da gajiya.

"Malam, an ce kun yi sanarwa. A ina?"

Na ce, "A duk masallatan unguwar, Mama."

Ta jinjina kai. "Ɗana, ni ai Lahadi nake zuwa tawa ibadar. Duk layinmu haka muke."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu da ke cin shinkafar Kirsimetinsu duk shekara, a ofishin nan kaf babu wanda ya tuna ba sa jin liman. Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu.

"Nawa sun tafi. Amma maganin yana nan a kwata, maƙwabta na da awaki, ga yara. Gobe ka zo cocinmu ka faɗa da bakinka."

Na kai maganar gaban shugaban sashenmu. Ya ce, "Je ka. Kunyar tamu ce duka, amma kai za ka ɗauko ta."

Washegari na je. Ban taɓa shiga coci ba, don haka na cire takalmi a ƙofa kamar yadda na saba, na shiga da hulata a kai. Ashe a can hular ake cirewa. Babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo. Na faɗi inda muka zuba maganin, na ba da haƙuri. Ina fitowa na ga mata suna sauri gida su ɗaure awaki.

An yi bikin da wake da shinkafa, babu kaza ko ɗaya. An gayyace ni, na kasa zuwa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, gauraya magani kowa zai koya muku a wuni guda. Kafin ku buɗe buhu, ku bi layi ku tambayi mutanensa inda suke jin magana. Gubar ba ta tambayar kowa ranar da yake ibada.