Takwaran da Na Hana Mahaifina

Ban zo Doha don a karanta mini sunan ubana daga waya ba. Na zo ne saboda 'yata ta haihu. Nas ce a wani asibiti, mijinta kuma gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a Sanaiya, unguwar masana'antu. Suna zaune a ɗaki biyu a unguwar Muntaza, inda in ka buɗe taga zafi da ƙamshin gurasar shagon ƙasa suke shigowa tare. Sun kawo ni ne domin a gidanmu dattijo ne yake faɗin sunan jariri a gaban jama'a, ba iyayensa ba.

Saura kwana biyu taron suna, muna shan shayin madara da suke kira karak, surukina ya zaro waya.

"Baba, mun zaɓi suna. Finbarr. Bari in karanta maka. Daga ƙasar Ayalan yake, ma'anarsa mai farin gashi."

"Wannan yaron da ko gashi uku babu a kansa?"

"Sun ce ma a can yanzu ba a cika sa shi ba, ya zama sunan tsofaffi."

"To madalla. Masu abu sun ajiye, kai ka je ka tsinto."

Bai gane ba, ya ci gaba da jan yatsa a kan gilashi, wai sunan wani waliyyi ne na zamanin da. Na ce ya kashe abin nan kafin in jefa shi a shayi. Ni za a koya wa wannan suna? Na san shi tun ba a haifi wanda ya ƙera wayar ba.

Mahaifina kuku ne a gidan mishan a wani gari a Filato. Da girmansa wani Fada ɗan Ayalan ya yi masa baftisma, ya ba shi sunan. Bakin mutanen gari bai iya ba, sai suka mai da shi Fimba. A firamare yara suna bina da tafi, "Ɗan Fimba mai wanke tukunyar Bature." Na bar makaranta a aji shida, amma haushin bai bar ni ba.

Da aka haifa mini ɗan fari, Baba ya ɗinka sabuwar riga, ya zo tun da safe. Kowa ya san takwara za a yi masa. Da ya sunkuyo in raɗa masa sunan da zai faɗa, sai na raɗa masa wani dabam. Ya miƙe ya faɗa da ƙarfi, muryarsa ba ta yi rawa ba. Sai dai ya tafi bai ci tuwo ba. Na sake samun maza biyu, na sake yi masa haka sau biyu, har ya rasu. 'Ya'yana Baba Kuku kawai suka sani. Abin takaici ma, da yake ba a kiran sunan uba, mutane yabona suke yi, wai ina da kunya.

'Yata ta fito daga ɗaki da jaririn a kafaɗa.

"Baba, ba daga waya muka samo ba. Gwaggo ce ta turo mini hoton katin baftismar Baba Kuku."

Yayata ke nan. Matar da ba ta iya karanta sunanta ba, amma ta iya tura hoto har Katar.

"Ke, an tambaye ni?"

"Ana tambayarka yanzu. In ba za ka faɗa ba, khalas, shi ke nan, mu faɗa da kanmu."

Ta koma ta rufe ƙofa a hankali. Gara ma ta buga ta.

Ranar Juma'a bayan coci, don a Katar ita ce ranar hutu, falo ya cika, takalma har bakin matakala. Nas-nas abokan aikinta sun zo da shinkafa, maƙwabcinsu Bakano mai aikin gadi ya zo da dabino. Aka miƙo mini yaron. Surukina ya matso da wayar nan gaban fuskata don kada in yi kuskure.

"Kai, janye wannan," na ce.

Na dubi 'yata. Ba ta kallona, yatsunta take kallo. Na ce, "Sunansa Fimba." Yadda mai sunan yake faɗa, haka na faɗa. Surukina ya buɗe baki zai gyara mini, matarsa ta taka masa ƙafa. Bakanon ya ce, "Allah ya raya," mata suka yi guɗa.

Tun daga ranar iyayensa Baba suke ce masa, kamar yadda ake yi wa takwara. Ni kaɗai nake kiransa da sunan, safe da yamma, har a lif. Jiya Bakanon ya ja ni gefe ya ce, "Dattijo, ashe sunan mahaifinka ne? Haba, a riƙa sakayawa mana."

Na ce masa na sakaya shekara arba'in, ya isa.